Daga kurkuku zuwa kujerar minista: shari'ar Barak Sope da siyasar Vanuatu

A watan Yulin 2002 Kotun Ƙoli ta Vanuatu ta yanke wa tsohon firaministan ƙasar, Barak Sope, ɗaurin shekara uku saboda wasu takardun lamuni na bogi da ya bayar da sunan gwamnati, waɗanda kuɗinsu ya kai dala miliyan 23. Wata huɗu kacal ya yi a tsare shugaban ƙasa ya yi masa afuwa. A 2003 ya sake cin zaɓe. Kafin ƙarshen 2004 shi ne ministan harkokin waje, yana neman a kori 'yan sandan Ostireliya daga ƙasar.

Wanda ya ji labarin a dunƙule zai iya ɗauka cewa kotun ce ta yi sake, ko kuma an sayi alƙalai. Kotunan Vanuatu sun yi aikinsu, har ma sun hana Sope komawa majalisa da takardar afuwa kawai. Abin da ya dawo da shi ya fi ƙarfin kotu: tsarin zaɓe, lissafin kujeru a majalisa, da kuma matsayin da yake da shi a wurin mutanensa tun kafin samun 'yanci.

## Ƙasar da ake magana a kanta

Vanuatu tarin tsibirai ne kimanin 80 a kudancin tekun Fasifik, gabas da Ostireliya. Yawan jama'arta yau ya ɗan haura dubu 300, amma lokacin da Sope ke mulki ba su kai dubu 200 ba. Ana magana da harsuna sama da 100, sai harshen Bislama da ya haɗa kowa. Mafi yawan mutane a ƙauye suke, suna noman abin da za su ci, suna sayar da busasshiyar kwakwa, da saiwar kava da ake yin abin sha da ita, da shanu.

Daga 1906 zuwa 1980 Ingila da Faransa ne suka mulki tsibiran tare, da sunan New Hebrides. Mulki ne na ban mamaki: 'yan sanda iri biyu, makarantu iri biyu, asibitoci iri biyu, har kurkuku iri biyu. Wannan ya raba 'yan bokon ƙasar gida biyu, masu Ingilishi da masu Faransanci, kuma siyasar farko ta bi wannan layi. Ranar 30 ga Yulin 1980 aka samu 'yanci, Walter Lini, limamin cocin Anglika, ya zama firaminista a ƙarƙashin jam'iyyar Vanua'aku.

Tsarin mulkin na majalisa ne. Firaminista shi ke da iko, majalisa ce ke zaɓensa kuma ita ke sauke shi. Shugaban ƙasa kujerar girma ce kawai, amma yana da iko ɗaya mai nauyi da za a sake haɗuwa da shi a gaba: ikon yin afuwa.

## Yadda Sope ya taso

Sope ɗan Ifira ne, wani ƙaramin tsibiri da ke cikin mashigin ruwan Port Vila, babban birnin ƙasar. Wannan asali nasa yana da muhimmanci. Mutanen Ifira na cikin waɗanda ke iƙirarin cewa ƙasar da aka gina birnin a kanta ta kakanninsu ce, kuma su ne suka daɗe suna riƙe da harkar lodi da sauke kaya a tashar jiragen ruwa. Ya yi karatu a Melbourne da Jami'ar Kudancin Fasifik a Fiji, kuma tun yana matashi ya yi rubutu kan yadda Turawa suka mallake filayen 'yan ƙasa. Batun fili shi ne ƙashin bayan gwagwarmayar neman 'yanci, shi ya sa tsarin mulkin 1980 ya ce duk ƙasar Vanuatu ta masu ita ce na gargajiya da zuriyarsu.

Ya zama babban sakataren jam'iyyar Vanua'aku, kuma jakadan da ake aikawa ko'ina. A shekarun 1980 Vanuatu ta ƙi bin sahun maƙwabtanta: ta shiga ƙungiyar 'yan-ba-ruwanmu, ta ƙulla hulɗa da Kyuba da Libiya, ta yi yarjejeniyar kamun kifi da Tarayyar Sobiyet, ta kuma goyi bayan masu neman 'yanci a New Caledonia da Timor ta Gabas da Papua ta Yamma. Ana ganin Sope a matsayin ɗaya daga cikin masu tsara wannan manufa, musamman hulɗa da Libiya. Tun daga lokacin Ostireliya ta sa masa ido, shi ma bai ɓoye cewa ba ya ga-maciji da ita ba. Wannan tsohuwar tsama ita ce daga baya ta zama garkuwarsa.

## 1988: rabuwa da Lini

A farkon 1987 Lini ya samu shanyewar ɓarin jiki. Bayan zaɓen ƙarshen shekarar Sope ya nemi karɓe shugabancin jam'iyya, bai yi nasara ba. A watan Mayun 1988 gwamnati ta rushe hukumar da ke kula da filayen birnin Port Vila, wadda Sope ke cikin shugabanninta. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye da birnin suka fito zanga-zanga, ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka fasa shaguna, mutum ɗaya ya mutu. Lini ya kore shi daga majalisar ministoci, daga baya ya rasa kujerarsa ta majalisa, ya kafa tasa jam'iyyar, Melanesian Progressive Party.

A watan Disamba shugaban ƙasa George Sokomanu, wanda kawun Sope ne, ya sanar da rushe majalisa ya kuma rantsar da Sope a matsayin firaministan riƙo. 'Yan sanda suka tsaya tare da Lini, kotu ta ce shugaban ƙasa ba shi da wannan iko, aka kama su duka. A 1989 aka yanke wa Sokomanu shekara shida, Sope shekara biyar, bisa laifin haɗa baki don tayar da fitina da tunzura jami'an tsaro. Bayan 'yan makonni Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin. Wannan ne karo na farko da Sope ya shiga kurkuku ya fito ba tare da siyasarsa ta mutu ba.

Ɓarakar 1988 ta buɗe ƙofar da ba a sake rufewa ba. A 1991 jam'iyyar Vanua'aku ta tsige Lini, shi ma ya kafa tasa. Daga nan babu jam'iyyar da ke iya kafa gwamnati ita kaɗai. Mai kujera huɗu ko biyar ya zama abin lallashi, Sope kuwa kusan kullum yana da waɗannan kujerun.

## Mece ce takardar lamuni, kuma me 'yan damfara ke nema da ita?

Nan ne gundarin maganar. Takardar lamuni ta gwamnati alkawari ne a rubuce cewa idan wane ya ci bashi ya kasa biya, gwamnati za ta biya. Kamar dattijon da ya tsaya wa wani a kasuwa ne a ba shi kaya bashi: ranar da aka tsaya babu ko kwabo da ya fita daga aljihun dattijon, amma ranar da mai bashi ya gudu, ƙofarsa za a buga. Shi ya sa tun farko abin ba ya kama da sata. Ba a buɗe baitulmali ba, ba a ɗauki komai ba, takarda ce kawai da hatimi da sa hannu.

A shekarun 1990 wata irin damfara ta yi tashe a duniya. Mutum zai zo da kwat da jaka, ya ce akwai wata kasuwa ta sirri da manyan bankunan duniya ke cinikin takardu a tsakaninsu, ribarta ninki ba ninki cikin 'yan watanni. Ba ya neman kuɗin gwamnati, aron sunanta kawai yake so: a ba shi takardar lamuni ya ajiye a matsayin jingina, ba za a taɓa karɓar kuɗi da ita ba, bayan shekara guda ya dawo da ita tare da ribar miliyoyi. Wannan kasuwa babu ita. Abin da ke faruwa shi ne mai takardar ya kai ta wani banki ya ci bashi da ita, ko ya nuna wa wasu masu kuɗi don su yarda su zuba nasu. Idan asiri ya tonu, wanda ke riƙe da takardar ba ɗan damfarar zai nema ba, gwamnatin da ta sa hannu zai nema.

Ƙananan ƙasashen Fasifik sun dace da wannan sana'a. Ba su da kuɗi, amma suna da abin da babu kamfanin da ke da shi: tuta, babban banki, kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, da hatimin ƙasa mai cin gashin kanta. Ma'aikatan da za su tantance baƙo kaɗan ne, kuma minista ɗaya na iya sa hannu ba tare da takardar ta bi ta teburi goma ba. Vanuatu kuma tun 1971 take cibiyar ajiyar kuɗi ga masu gudun haraji, don haka irin waɗannan baƙi sun san hanya. Nauru ta yi asarar miliyoyi a irin wannan ciniki, tsibiran Cook sun yi tasu badaƙalar takardun lamuni, Tonga kuwa ta rasa sama da dala miliyan 20 na kuɗin sayar da fasfo a hannun wani Ba'amurke da sarkin ƙasar ya naɗa wawan fada.

A 1996 Sope yana ministan kuɗi a gwamnatin Maxime Carlot Korman aka ba wani ɗan Ostireliya mai suna Peter Swanson takardun lamuni guda goma, kowace ta dala miliyan 10. Jimilla dala miliyan 100 ke nan, a ƙasar da duk abin da tattalin arzikinta ke samarwa a shekara bai kai dala miliyan 300 ba. Mai binciken koke-koken jama'a ta lokacin, Marie-Noëlle Ferrieux Patterson, ta fitar da rahoto ta ce da an nemi kuɗin takardun da ƙasar ta tsiyace, ta kuma ba da shawarar a raba Sope da muƙamin gwamnati. An ƙwato takardun kafin a ci kuɗi da su, an kuma gurfanar da Swanson aka same shi da laifi. Sope ba a gurfanar da shi ba. Cikin watanni kaɗan ya zama mataimakin firaminista a wata sabuwar gwamnatin.

Ofishin mai binciken ba shi da ikon hukunta kowa, rahoto yake rubutawa ya ba da shawara. Tsarin mulki ya tanadi ƙa'idojin ɗa'ar shugabanni, amma dokar da za ta ba su haƙora sai a 1998 aka yi ta. A wannan shekarar ma aka yi dokar kula da kuɗin gwamnati da ta ɗaure hannun ministoci wajen ɗora wa ƙasa lamuni ba tare da amincewar majalisa ba. Wannan shi ne bambancin 1996 da abin da ya biyo baya.

## Yakutun Ghosh

A watan Nuwamban 1999 firaminista Donald Kalpokas ya ajiye muƙami don kauce wa ƙuri'ar yanke ƙauna, Sope ya haɗa gambizar jam'iyyu ya zama firaminista. Ba a daɗe ba wani ɗan kasuwa ɗan Indiya mazaunin Tailan, Amarendra Nath Ghosh, ya bayyana a Port Vila. Aka ba shi muƙamin jakada. Shi kuma ya kawo wa ƙasar kyautar wani dutse mai nauyin kilo 82 da rabi, wanda ya ce shi ne jan yakutu mafi girma a duniya, kuɗinsa dala miliyan 175. Masu shakka suka yi tambayar da ta dace: mai irin wannan dukiya me zai sa ya kyautar da ita ga ƙasar da ba tasa ba? Rahotanni suka fara fitowa cewa ana shirin ba shi takardun bashin gwamnati na dala miliyan 300, kuma babban bankin ƙasar ya ƙi amincewa.

Jaridar Trading Post ce ta riƙa bin diddigin labarin. A watan Janairun 2001 'yan sanda suka je gidan mai jaridar, Marc Neil-Jones, da sassafe, suka saka shi a jirgi zuwa Ostireliya. Kotu ta ce korar ta saɓa doka, ya dawo cikin kwanaki. Daga baya wasu abokan haɗin gwiwa suka janye, aka kawo ƙuri'ar yanke ƙauna. Sope ya nemi a kafa dokar ta-ɓaci, shugaban 'yan sanda ya ƙi. A watan Afrilu majalisa ta sauke shi, Edward Natapei ya hau.

Abin lura shi ne ba a kan yakutun aka ɗaure shi ba, duk da cewa shi ne abin da mutane suka fi tunawa. Tuhumar ta tsaya ne kan takardun lamuni biyu da ya bayar yana firaminista, ɗaya ta dala miliyan 5, ɗaya ta miliyan 18. Jami'an hukumar binciken manyan zamba ta New Zealand sun taimaka wajen binciken.

## Hukunci, afuwa, kujera

Tambayar da ta fi rikita mutane ita ce: idan shi da kansa ya sa hannu, ina jabun yake? A dokar da Vanuatu ta gada daga Ingila, yin jabu bai tsaya ga kwaikwayon sa hannun wani ba. Ya haɗa da shirya takarda wadda ke nuna kanta a matsayin abin da ba ita ba ce, da sanin haka, da nufin wani ya yi aiki da ita kamar ta gaskiya. Takardun Sope suna nuna cewa Jamhuriyar Vanuatu ta ɗauki nauyin bashi, alhali ba a bi hanyar da doka ta shimfiɗa ba, majalisa kuma ba ta amince ba. Hannun nasa ne, amma ikon da takardar ke iƙirari babu shi.

An yanke hukuncin watanni biyu bayan ya sake cin kujerarsa a zaɓen Mayun 2002. Dokar ƙasar ta ce ɗan majalisar da aka ɗaure shekara biyu ko fiye ya rasa kujerarsa, don haka ya rasa ta. A watan Nuwamba shugaban ƙasa John Bani, shi ma limamin coci, ya yi masa afuwa bisa dalilin rashin lafiya. Sashe na 38 na tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa wannan iko, bai kuma ɗaure shi da sharuɗɗa masu tsauri ba. Jama'a da dama sun yi tir, gwamnatin Natapei ma ba ta ji daɗi ba, amma ƙofar kurkuku ta riga ta buɗe.

Sope ya nemi komawa majalisa, yana cewa afuwa ta wanke komai. Kotu ta ƙi. A fahimtarta afuwar ta ɗauke masa zaman kurkuku ne, ba ta mayar da hannun agogo baya ta cike kujerar da doka ta riga ta ce babu kowa a kanta ba. Aka shirya zaɓen cike gurbi a mazaɓar Efate, tsibirin da Port Vila take a kansa, a ƙarshen 2003. Babu abin da ya hana shi tsayawa, ya tsaya, ya ci. Dokar da ta kore shi daga majalisa ba ta hana masu zaɓe mayar da shi ba, kuma ba a bi ta dokar ɗa'ar shugabanni an haramta masa riƙe muƙami ba.

## Me ya sa aka sake zaɓensa?

A Vanuatu mazaɓa ɗaya kan fitar da 'yan majalisa da yawa, amma mai zaɓe ƙuri'a ɗaya yake da ita. Waɗanda suka fi yawan ƙuri'u su ke shiga, ko da kowannensu kaso kaɗan ya samu. A majalisa mai kujera 52 da jama'a kaɗan, mutum na iya zama ɗan majalisa da ƙuri'u dubu ɗaya ko ƙasa da haka. Wanda ya riƙe ƙauyuka uku ko huɗu, da coci, da dangi, ba ya buƙatar ra'ayin sauran ƙasa. Ƙauyukan kuma ba rahoton mai bincike suke auna shi da shi ba. Suna duba wa ya biya kuɗin makarantar yara, wa ya kawo kwanon rufin coci, wa ya ɗauki nauyin jirgin ruwa da aka kai gawa tsibiri.

Magoya bayan Sope suna da hujjojinsu. Suna cewa ƙasar ba ta biya ko sisi kan takardun ba, kuma abin da ya nema shi ne hanyar samun jari wadda ba ta bi ta hannun masu ba da agaji da sharuɗɗansu ba. Suna nuni da cewa masu bincike daga waje aka kawo, kuma alƙalan manyan kotunan ƙasar da yawa baƙi ne. Shi kansa ya sha zargin Ostireliya da New Zealand da hannu a ɗaure shi. Ga wanda ya tuna yadda ƙasashen nan suka ɗauke shi tun zamanin Libiya, zargin yana shiga kunne. Akwai kuma hujjar al'ada: a gargajiyar tsibiran, idan an yi laifi ana zama gaban sarakunan gargajiya, a miƙa tabarmi da alade mai lanƙwasasshen haure, irin hauren da ke jikin tutar ƙasar, a sha kava, magana ta mutu. Kulle babban mutum a ɗaki na shekaru baƙon abu ne a wannan tunani.

Masu suka suna amsawa cewa rashin asara sa'a ce da ƙoƙarin wasu jami'ai da 'yan jarida, ba kyakkyawar niyyar mai sa hannu ba. Suna tuna cewa wannan ne karo na biyu, bayan gargaɗin 1996 da aka yi a bainar jama'a. Game da baƙin alƙalai, suna cewa irin waɗannan kotunan ne suka sake shi a 1989, lokacin bai kira su 'yan mulkin mallaka ba. Game da al'ada kuwa, sulhun tabarmi ana yinsa ne tsakanin mai laifi da wanda aka yi wa laifi, wanda aka jefa cikin haɗari a nan kuwa ƙasa ce gaba ɗaya, har da mutanen tsibiran da ba su taɓa ganin Sope ba.

Hujjar farko ta magoya baya ita ce mafi rauni, domin laifin jabu yana cika ne da yin takardar, ko an ci kuɗi ko ba a ci ba. Ta biyun kuma ba ta rasa tushe gaba ɗaya: ƙasar da ke dogara da maƙwabta masu ƙarfi wajen bincike da shari'a za ta daɗe tana fama da wannan zargi, ko shari'ar ta yi daidai.

Bayan zaɓen 2004 sabon firaminista Serge Vohor yana buƙatar kujeru, ya ba Sope ma'aikatar harkokin waje. Gwamnatin ta faɗi a ƙarshen shekarar bayan Vohor ya je ya amince da Taiwan a matsayin ƙasa ba da sanin ministocinsa ba, Sope kuma ya samu ma'aikatar noma a gwamnatin Ham Lini da ta gaje ta. Sai a zaɓen 2008 ya faɗi. Abin da ɗauri biyu da rahotannin bincike suka kasa yi, masu zaɓen Efate ne suka yi shi. Daga nan aka fi jin muryarsa a fafutukar 'yancin Papua ta Yamma.

## Inda abin ke taɓa talaka

Da an nemi kuɗin takardun 1996, gwamnati na da zaɓi biyu: ta biya ta rufe makarantu da asibitoci, ko ta ƙi biya ta shiga shari'a a ƙasashen waje sunanta ya ɓaci a wurin masu ba da rance. Ko da ba a biya ba, ɓacin suna na da farashi. Bankunan waje kan ƙara tsananta bincike kan duk kuɗin da ya fito daga ƙasar, wannan kuma ɗan kasuwa da mai aikin ci-rani ne ke ɗaukar nauyinsa.

Mutanen Port Vila sun nuna sun gane haɗarin tun 1998. A watan Janairun shekarar, bayan wani rahoton mai binciken ya nuna yadda 'yan siyasa suka ba kansu rancen gidaje daga asusun fanshon ma'aikata, jama'a suka afka wa ofishin asusun, aka kafa dokar ta-ɓaci, gwamnati ta bar mutane su cire ajiyarsu. A wannan lokaci ne kuma ake aiwatar da shirin gyaran tattalin arziki da Bankin Raya Asiya ya ɗauki nauyi, wanda ya rage ma'aikata ya kuma kawo harajin sayen kaya na kashi 12.5 cikin ɗari. Talaka ya biya harajin a kan shinkafa da kifin gwangwani.

Sayar da sunan ƙasa bai ƙare da Sope ba, ya dai koma bisa doka. Shirin sayar da takardar zama ɗan ƙasa ga baƙi masu kuɗi ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnati. Tarayyar Turai ta ga ba a tantance masu saye yadda ya kamata, ta fara dakatar da shiga ba biza ga masu fasfon Vanuatu a 2022, ta soke shi gaba ɗaya a ƙarshen 2024. Birtaniya ma ta sa biza a 2023. Ɗalibi ko ma'aikacin jirgin ruwa ɗan asalin ƙasar yanzu yana bin layi saboda fasfon da aka sayar wa wani.

## Bayan Sope

A watan Oktoban 2015 mai shari'a Mary Sey, 'yar asalin Gambiya, ta samu 'yan majalisa 14 da laifin cin hanci, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na majalisar ke nan. Mataimakin firaminista Moana Carcasses ne ya raba kuɗin tun yana jagoran adawa, miliyan 35 na vatu, kuɗin ƙasar, don a kayar da gwamnatin wancan lokaci. Shugaban ƙasa Baldwin Lonsdale yana Samoa a lokacin, don haka kakakin majalisa Marcellino Pipite ne ke riƙon ƙwarya, shi kuma yana cikin waɗanda aka samu da laifi. Ya ɗauki sashe na 38 ya yi wa kansa da sauran afuwa. Lonsdale ya dawo ya soke afuwar, kotu ta mara masa baya, aka ɗaure Carcasses shekara huɗu, Vohor shekara uku. Wannan karon an kuma yi amfani da dokar ɗa'ar shugabanni aka haramta musu muƙami na shekara goma, matakin da ba a ɗauka kan Sope ba.

Amma ƙofar afuwa tana nan. Charlot Salwai, wanda ya zama firaminista a 2016, an same shi da laifin rantsuwar ƙarya a 2020, ya rasa kujerarsa, shugaban ƙasa ya yi masa afuwa a 2021, ya kuma sake zama firaminista a watan Oktoban 2023, mutum na uku da ya riƙe kujerar cikin makonni kaɗan. A watan Mayun 2024 aka yi ƙuri'ar raba gardama ta farko a tarihin ƙasar, jama'a suka amince da gyaran tsarin mulki da ya ce ɗan majalisar da ya sauya sheƙa ya rasa kujerarsa, ɗan takara mai zaman kansa kuma dole ya shiga wata jam'iyya bayan zaɓe. Gyaran ya nufi cinikin kujeru ne, wanda ya sa kowace gwamnati ke buƙatar mutum irin Sope. Bai taɓa ikon afuwa ba, bai kuma sauya tsarin zaɓen da ke barin 'yan ƙauyuka kaɗan su mayar da mutum majalisa ba.